Daga Aflao Zuwa Elubo: Darussan Kimiyya a Gaɓar Tekun Gana

Ɗalibin da ya tashi a Katsina ko Damagaram yakan karanta labarin teku tun yana sakandare. Yakan zana hoton raƙuman ruwa a takardar jarrabawa, ya bayyana yadda wata ke jan ruwa, ya kuma ci maki, alhali bai taɓa tsayawa a bakin teku ba. Ilmin da aka samu ta wannan hanya yana da amfaninsa, sai dai bai cika zama a kai ba, domin ido bai shaida shi ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda ƙungiyar ɗalibai, ko abokai huɗu masu mota ɗaya da tanti biyu, za su mai da hutun kwana goma ya zame musu ɗakin gwaje-gwaje.

An zaɓi gaɓar tekun ƙasar Gana saboda dalilai na zahiri. Tsawonta kimanin kilomita 550 ne, kuma babbar hanya mai kwalta da ake kira N1 tana bin ta, wani wuri kusa wani wuri nesa kaɗan, tun daga Aflao a iyakar Togo har Elubo a iyakar Kwaddebuwa. A cikin wannan ɗan taƙi matafiyi zai ga gaɓa iri uku: ta rairayi da tafkuna a gabas, ta duwatsu a tsakiya, sa'an nan ta rairayi da kurmi a yamma. Ga kuma sauƙin harshe, don da wuya a sauka babban gari a rasa zango inda ake jin Hausa.

Kafin a Kafa Tanti

Kudancin Gana damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa wajejen Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Mai kwanan tanti ya fi dacewa ya tafi tsakanin ƙarshen Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe, tsuntsayen Turai sun sauka a tafkuna, kunkurun teku kuma na fitowa yin ƙwai. Ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara a bakin iyaka. Gidan sauro wajibi ne, domin sauron gaɓar teku ba shi da rani. Ba a kafa tanti a rairayin kowane ƙauye sai an gai da mai gari an nemi izini. Abin da ya fi sauƙi ma shi ne a sauka a filin masaukan baƙi na bakin ruwa, waɗanda da yawansu kan yarda a kafa tanti a biya ɗan kuɗi.

Darasi na farko yana cikin zaɓen wurin kwana. Teku yakan cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25. Saboda haka cikar gobe takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta yau, daidai da jinkirin da wata yake yi wajen fitowa kowane dare. Wannan daidaituwa ita ce babbar shaidar cewa watan ne ke jan ruwan. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, jan nasu yakan haɗu, sai cikar ta fi ta kullum. Hakan na faruwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajejen daren sha huɗu. Ke nan wanda ya saba da lissafin watan Musulunci yana riƙe da jadawalin teku a kansa bai sani ba. A Gana bambancin cika da janyewa ba ya kai mita biyu, amma a shimfiɗaɗɗen rairayi hawan mita ɗaya kan cinye taku masu yawa. A nemi layin shara da ɓawon kwakwa da ruwa ya bari a can sama, a kafa tanti bayansa da nisa. Kada kuma a kwana ƙarƙashin itacen kwakwa, ko da inuwarsa ta yi daɗi.

Turakun ƙarfe ba sa kama rairayi. Dabarar ita ce a ɗaure igiya a tsakiyar guntun ice, a binne shi a kwance. A lura da iska: da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, sai ta teku ta kwararo ta cike gurbin, da dare kuwa ƙasa ta fi saurin hucewa, sai iskar ta juya. Masunta masu filafilai sun daɗe suna fita da iskar asuba su komo da ta la'asar.

Keta: Garin da Teku Yake Ci

Da an wuce Aflao, a bar babbar hanya a nufi kudu maso yamma. Nan mota za ta hau wani siririn tudun rairayi, teku a hagu, tafkin Keta a dama, wanda shi ne tafkin bakin teku mafi girma a ƙasar. A wasu wurare mutum yana ganin ruwan duka biyu daga inda yake tsaye. A ganina, in da zango ɗaya kaɗai za a yi a wannan tafiya, to nan ne.

A garin Keta akwai sansanin Prinzenstein wanda Turawan Danmak suka gina a 1784. Abin da ya rage rabin gini ne, domin teku ya rushe babban ɓangarensa a 1980. Tituna da shaguna da gidajen tsohon garin yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Tambayar da ɗalibi zai yi ita ce, ina rairayin da ke gaban garin ya tafi?

Ga yadda za a gano amsar. A jefa ɓawon kwakwa cikin ruwa dab da inda raƙuman ke fashewa, a kafa sanda a gaɓa, a duba agogo. Bayan minti biyar za a tarar ɓawon ya yi gabas. Dalili kuwa, raƙuman ruwan da ke dukan gaɓar Gana suna tasowa ne daga can kudancin Tekun Atalantika, suna isowa a karkace daga kudu maso yamma. Kowane raƙumi yakan tura ƙwayar rairayi sama a karkace, in zai koma kuma ya jawo ta ƙasa a miƙe. Da haka ƙwayar ke tafiya gabas kamar ɗinkin hannu, dare da rana. Wato gaɓar teku kogin rairayi ce mai gudu a hankali. Muddin abin da ke shigowa daga yamma ya kai abin da ke fita ta gabas, gaɓa tana nan yadda take. Ranar da shigowa ta ragu, teku zai ci gaba da ɗiba daga abin da ya tarar, ko gona ce ko maƙabarta.

Babban mai kawo wa wannan yanki rairayi shi ne kogin Bolta, wanda ke faɗawa teku a yammacin Keta. A 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo, a 1982 kuma ta Kpong. Ruwan da aka tare yakan tsaya, ya sauke yashin da ya ɗauko a ƙasan tafki, ya wuce ta injinan lantarki fes. Wajibi ne a yi adalci a nan: zaizayar Keta ta girmi madatsar, an rubuta labarinta tun farkon ƙarni na 20. Madatsar ta ƙara wa abin sauri ne, kamar yadda ɗibar yashin gini da hawan da teku ke yi, wanda a duniya ya haura milimita 3 a shekara, suka ƙara. Wutar da ke haska Kumasi da Tamale, wani ɓangare na kuɗinta mutanen Keta ne suka biya da ƙasarsu, kuma ba a rubuta wannan a takardar kuɗin wuta ba.

Aikin kare garin, wanda aka kammala a 2004, ya ƙunshi miƙa manyan ganuwoyin dutse cikin teku. A hau ɗaya daga cikinsu a duba dama da hagu. Ta yamma rairayi ya taru ya yi faɗi, ta gabas gaɓa ta lotsa. Ganuwar ta tare wa Keta yashi, ta kuma hana ƙauyukan da ke gabas da ita rabonsu. Injiniyan da zai taɓa gaɓar teku sai ya tambayi kansa wanda ke zaune a ƙasan iska.

A kan wannan tudu dai, wajen Anloga, akwai abin mamaki na biyu: kuyoyin ƙananan albasa kore shar, a tsakanin ruwan gishiri biyu, ana ba su ruwa daga gajerun rijiyoyi. Ruwan rijiyar kuwa mai daɗi ne. Lita ɗaya ta ruwan daɗi tana da nauyin giram 1,000, ta ruwan teku kuwa kimanin giram 1,025. Ruwan saman da ya nutse cikin rairayi sai ya zauna bisa na gishiri, kamar mai a kan miya. Tun da bambancin nauyinsu kashi ɗaya ne cikin 40, duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara tsayin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Lissafin yana da kaifi biyu. In aka sa injin famfo aka zuƙe har ruwan rijiya ya sauka da santimita 25, iyakar ruwan gishiri za ta taso da kimanin mita 10. Guga da tulu ba su da saurin da za su yi wannan ɓarna. Injin yana da shi.

Kusa da nan, a ƙauyen Woe, aka fara ganin cutar da ke sa ganyen kwakwa rawaya ta kashe itacen, a 1932. Daga baya ta halaka gonakin kwakwa masu yawa a yammacin ƙasar. Duk inda aka ga kututturan kwakwa a tsaye ba kai, kamar turakun waya, sau da yawa aikinta ne.

Ada: Gishiri da Kunkuru

A koma N1, a haye Bolta ta gadar Sogakope, a sake gangarowa kudu zuwa Ada Foah, inda kogin ke saduwa da teku. Masu kwale-kwale kan kai baƙi bakin mahaɗar. A ɗanɗana ruwan a wurare uku a kan hanya, za a ji gishirinsa yana ƙaruwa. Itatuwan da ke gefen ruwa masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo su ne ke riƙe laka, cikin saiwoyinsu kuma 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Masu ƙyafe kifi na sare su don makamashi, wato suna ƙona gidan renon kifin da za su ƙyafe baɗi.

Yamma da Ada akwai tafkin Songor, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu kariya a 1992 tare da na Keta. Da rani ruwansa yakan ƙafe ya bar gishiri fari fat. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A zuba lita ɗaya a faffaɗan tire a shanya a kan mota, a ga abin da zai rage. Mai lura zai ga cewa farar ƙura mai kama da alli ce ke fara kwantawa, gishirin ci ba ya fitowa sai kusan kashi tara cikin goma na ruwan ya tafi, ruwan ƙarshe kuma ɗaci gare shi. Shi ya sa masu sana'ar ke kwashe gishiri kafin kwami ya bushe ƙurmus. Gishirin Ada ya daɗe yana hawa Bolta cikin jirage zuwa kasuwannin Kete-Krachi da Salaga, inda fataken Hausa masu neman goro ke sauka. A Kete-Krachi ne shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har ya rasu a 1934. Tsohon garin yana cikin waɗanda tafkin Akosombo ya shanye.

Daga wajejen Oktoba zuwa Maris kunkurun teku kan fito rairayin wannan yanki da dare. Iri uku ne suka fi zuwa, mafi girmansu mai baƙar fata a maimakon ƙoƙo, wanda nauyinsa kan wuce kilo 300. Uwar takan haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai, ta rufe, ta koma ruwa, ba ta sake waiwayarsu. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito. Zafin rairayi ne ke yanke jinsinsu: in ya haura kimanin digiri 29 mata za su fi yawa, in ya gaza maza. Da sun fito sukan nufi inda sararin sama ya fi haske, wanda a daren Allah shi ne wajen teku. Fitilar mota ɗaya ko wutar dafa shayi ta isa ta juyar da su zuwa tudu, inda kaguwa da karnuka ke jira. Don haka a wannan zango a dafa abinci kafin magariba, a kashe fitilu, a nemi jami'an kula da namun daji na Ada su yi jagora. A kuma tattara leda, domin babban kunkurun yakan haɗiye ta yana zaton abincinsa ce.

Tema da Ankara

Tsakanin Ada da Tema matafiyi daga arewa zai ji kamar ya koma gida: fili ne na ciyawa da suri da kuka jefi-jefi, ga kuma shanu. Ruwan saman da birnin Akra, wanda Hausawa ke kira Ankara, yake samu a shekara yana wajejen milimita 800, bai ɗara na Kano ba, alhali birnin yana bakin teku. A riƙe wannan a zuci, bayaninsa na zuwa a Elmina.

Layin Girinic, wanda daga kansa ake ƙidaya gabas da yamma a taswirar duniya, ya ratsa garin Tema. Wayar hannu mai nuna matsayi za ta nuna lambar gabas tana raguwa har ta kai sifiri, ta koma ta yamma. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, wato minti 4 ga kowane digiri. Kano tana wajen digiri takwas da rabi gabas da layin, don haka rana takan take tsaka a Kano kimanin minti 34 kafin ta yi a Tema, ko da yake agogon hukuma ya raba ƙasashen biyu da awa guda cur.

Ankara ba wurin tanti ba ce. A shiga Nima ko Sabon Zango a ci abinci, a yi cefane, a duba mota, a fita kafin cunkoson yamma.

Gaɓar Duwatsu

Daga Winneba zuwa yamma siffar gaɓa ta sauya. Dutse mai tauri yakan shiga cikin teku kamar hanci, bayansa kuma ɗan lungu mai rairayi inda ruwa ya lafa. Raƙuman ruwa sukan tanƙwara su tara ƙarfinsu a kan hancin, lungun ya huta. Wannan ne ya sa kusan kowane gari a nan yana da sansanin Turawa a kan dutse da jiragen masunta a lungu: dutsen ya ba da harsashi da kayan gini, lungun ya ba da masauka. Turawan Fotugal suka gina na Elmina a 1482, na Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara shi a 1653. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Zinariya ce ta fara kawo su, daga baya cinikin ya koma na mutane. A kurkukun ƙarƙashin ginin Cape Coast ana tsare ɗaruruwan bayi a ɗakunan da iskarsu ke shiga ta 'yan ƙananan kafofi a can sama, suna jiran jirgi makonni. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su. Ɗalibin da ya karanta yawan iskar da ɗan Adam ke buƙata ya tsaya a ɗakin minti biyu bayan jagora ya kashe fitila. Ba wurin ɗaukar hoto ana dariya ba ne.

A ƙarƙashin ganuwar Elmina, a bakin tafkin Benya, akwai ɗaya daga cikin manyan matsayar jiragen masunta a ƙasar. A je da sassafe, ban da Talata, ranar da bisa al'ada ba a fita su a yawancin garuruwan gaɓar. Arzikin wannan kasuwa ya dogara ne da wani abu da ke faruwa daga Yuli zuwa Satumba. A watannin nan ruwan sama-sama mai ɗumi yakan kauce daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Iska da igiyar ruwan Gini mai gudu gabas da kuma siffar gaɓar duk suna da hannu a ciki. Ruwan ƙasan yana ɗauke da takin duk abin da ya mutu ya nutse. Da ya haɗu da hasken rana sai ƙananan tsirran da ido ba ya gani su yi ta yaɗuwa, ƙananan kifaye dangin sadin su biyo su tuli. Ruwan sanyin kuma yakan sanyaya iskar da ke kansa, iska mai sanyi kuwa ba ta hawa sama ta zama hadari. Ga shi kuma daga nan zuwa gabas iskar damina tana bin gaɓa ne a gefe, ba ta dukanta gaba da gaba. Waɗannan biyu su ne amsar ƙarancin ruwan Ankara, da kukokin da aka gani a hanyar Ada.

Kamun waɗannan kifaye ya faɗi ƙwarai idan aka gwada da na shekarun 1990. Jirage sun yi yawa, idon taru ya ƙanƙance, ana kamu da fitila da dare, manyan jiragen ja kuma suna kwashe 'ya'yan kifi. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku na wata guda ga masu kwale-kwale don kifi ya samu ya hayayyafa. Kafin a tafi a leƙa wurin mata masu ƙyafe. Murhunsu, wanda aka ƙirƙiro a unguwar Chorkor ta Ankara a 1969, tirori ne na waya da ake jerawa bisa juna, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Ƙaramar dabara ce mai rage cin ice, ta kuma bazu a ƙasashen Afirka da dama.

Kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai gandun dajin Kakum. An buɗe gadar igiyarsa a 1995, tsawonta kusan mita 350, tana rataye tsakanin kawunan itatuwa, wani wuri mita 40 daga ƙasa. Amfaninta ga ɗalibi shi ne ganin kurmi daga sama, inda haske da furanni da tsuntsaye suke. Ƙasan kurmi duhu ne. A duba gindin manyan itatuwa masu fukafukai kamar bango: saiwarsu ba ta nutsa, domin abincin ƙasar kurmi yana cikin 'yar fatar sama ne kawai. Akwai giwaye a dajin, amma kada a sa rai da ganinsu.

Yamma, Inda Ruwa Ya Fi Yawa

A Shama kogin Pra ke shiga teku, ruwansa ja kamar kunun kanwa saboda haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba a can sama. Lakar ido na ganinta. Zaibar da ake kama zinariya da ita ba a ganinta, tana taruwa a jikin kifi, ta fi yawa a manyan da ke cin ƙanana. A sansanin garin akwai kabarin Anton Wilhelm Amo, ɗan yankin Axim da aka kai Turai yana yaro, ya sami digirin dakta a Wittenberg a 1734, ya koyar da falsafa a jami'o'in Halle da Jena na Jamus, sa'an nan ya komo gida. Ya cancanci malaman jami'a su tsaya masa.

Bayan Takoradi, wadda tasharta ta 1928 ita ce ta farko mai zurfi a ƙasar, sai rairayin Busua da Butre da Akwidaa, inda wuraren tanti suka fi kyau a duk tafiyar. A nan ne kuma sha'awar wanka ke kama baƙo, don haka a saurara. Ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa dole ya koma, kuma yakan koma ne ta wani siririn kwari da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin takaici, wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: raƙuma ba sa fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya kwanta. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a Kogin Hadeja bai san wannan ba. In ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi ya nufi tudu, gajiya ce ke kisa. Ya yi iyo a gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga kwarin, sa'an nan ya juyo. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma a tambayi masunta kafin kowa ya shiga.

Hanyar Cape Three Points ba ta da kyau, amma ta cancanci wahalar. Nan ne ƙarshen Gana ta kudu, ƙasa da digiri biyar arewa da ikwaita. Daga hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wadda aka gina a 1925, in aka dubi kudu maso gabas, can cikin teku kimanin kilomita 570 ne layin Girinic ya gicciye ikwaita. A cikin ruwan yammacin nan ne aka gano man fetur na rijiyoyin Jubilee a 2007, aka fara haƙo shi a 2010. Daga wannan hanci gaɓa ta juya ta fuskanci iskar damina sosai, sai ruwan Axim ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na Ankara. Ba sai an duba littafi ba, tsayin itatuwa da tsatsar kwanon rufi sun isa shaida. Tun 2011 kuma wata ciyawar teku ruwan ƙasa-ƙasa takan taso daga tsakiyar Atalantika ta lulluɓe rairayin yankin a wasu watanni, ta cika tarun masunta, in ta ruɓe ta yi warin ɓataccen ƙwai. In an tarar da ita, a matsa da tanti nesa.

Zango na ƙarshe shi ne Beyin. Daga nan kwale-kwale ke ratsa fadama kusan awa guda zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina kacokan bisa turaku a kan tafkin Tadane, da katako da gwangwalar tukurwa. Mutanen ƙauyen suna ba da labarin cewa kakanninsu daga Walata suka taso, a can bakin Sahara, dodon koɗi yana yi musu jagora. Ruwan tafkin baƙi ne kamar shayin da ba madara. A ɗebo shi a kwalba a ɗaga wa rana: ba laka a ciki, garau yake, launin kuwa daga ruɓaɓɓen ganyen fadama ya jiƙo, irin sinadarin da majema ke samu a bagaruwa. A ajiye kwalbar kusa da wadda aka ɗebo a Pra, a bar su su kwana a bakin tanti. Da safe ta Pra za ta kwanta, laka a ƙasa ruwa a sama, ta Tadane kuwa tana nan da launinta, domin abin da ya narke ba ya kwantawa. Daga Beyin zuwa Elubo tafiyar 'yan awoyi ce. Kafin a kama hanyar gida a wanke ƙarƙashin mota da ruwan daɗi, don gishirin kwana goma ya isa ya fara cin ƙarfe.